Ma'ana Ta Huɗu

"Kin rubuta?" Baba Tafinta ya tambaya, ya karkato kunne wajen biro.

"Na rubuta, Baba."

Ƙarya nake yi. Wuyan riga nake zanawa.

Maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Shekara talatin yana tafinta a kotu. Da idonsa ya mutu sai ya ɗauko aikin da a ganina na marasa aikin yi ne, wato bin kalmomin Turanci har tushensu. Kullum da hantsi nakan bar keken ɗinkina in zo in riƙe masa biro. A watan nan kalma ɗaya ya sa a gaba, wai ita "spring".

"Marmaro ne, bazara ce, tsalle ne, kuma ƙarfen nan ne na cikin katifa," in ji shi. "Duk uwarsu ɗaya, 'yar nan: abin da ya zabura ya fito."

"Baba, wannan kalma ta fi ni sana'a."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Rubuta dai. 'Yata Auta nake tara wa. Ban bar mata gida ba, ban bar mata gona ba."

Ma'ana uku na farko na rubuta su tsakani da Allah. Daga nan na gaji. Ɗinkin mutane na jirana, shi kuwa in ya kama kalma sai ya kai ta ga kakannin kakanninta. Na lura ƙarar biro kawai yake saurare, ni kuma na ba shi ƙarar. Na ce gobe zan sa ya maimaita. Kwana goma sha ɗaya ina cewa gobe.

Ranar Laraba na shigo da birona, na tarar da takalma jibge a ƙofar ɗakinsa.

Bayan kwana uku da rasuwarsa Auta ta kira ni. Littafin da nake masa rubutu a ciki na kan cinyarta, ba ta buɗe ba tukuna.

"Yaya, ya ce min a waya kun gama. Wai a ƙarshe ya sa kin rubuta min wata magana."

Na tuna ranar. Ya sassauta murya, ya daɗe yana faɗa, ni kuwa ina fama da zanen hannun riga. Ko kalma ɗaya ban riƙe ba. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta wannan rana ba.

Ta buɗe. Ta wuce shafi uku na rubutu, ta iso wuyan riga, ta juya, wani wuyan. Ba ta ɗago ba. Ta lashi yatsa ta ci gaba da juyawa a hankali, tana neman inda mahaifinta ya fara yi mata magana.