Bidiyon Khala Zubaidatu

Ƙanwata Shahad gola ce a wasan hoki na ƙanƙara. Eh, a nan Jidda, garin da ruwan famfo ma sai an jira ya huce. Tun muna firamare Baba ya kai mu filin ƙanƙara na wani mol, katafaren kantin zamani, mu sha sanyi. Ni na faɗi sau ɗaya na ce halas, ita kuwa ta liƙe. Aikinta ta tsaya a bakin raga cikin kaya kamar katifa, fuska a rufe da hular ƙarfe, ta zube ƙasa ta tare ɗan baƙin faifan da ake bugowa da sanda.

Bana wata kociya daga wata jami'a a Kanada ta ce tana neman gola, kuma za ta zaɓa kafin ƙarshen wata. Bidiyon cikakken wasa kawai ta nema. Wasa ɗaya ya rage wa su Shahad a kakar, ga shi iyayen sauran 'yan matan sun hana shiga da waya. Da ƙyar aka yarda mace ɗaya ta shiga da kyamara. Mama ta ce ai ga ƙanwarta, Khala Zubaidatu, wadda duk bikin da aka yi a unguwar Kurayyat ita ke ɗaukar ɓangaren mata.

Ran nan Shahad ta yi wasan da ba ta taɓa yi ba. Ina wurin, sai da muryata ta dishe. Ta tare da gwiwa, ta tare da ƙirji, har da goshi, ba a ci ta ko ɗaya ba.

Da Khala ta gama haɗa bidiyon, ta zo da la'asar tana ƙamshin turare, muka hallara a falo. Aka kunna. Sai ga furanni suna zubowa a allon talabijin, ga kiɗa mai taushi, ga sunan Shahad da ruwan zinare. Na ce a raina ado ne, bari dai wasan ya zo. Sai ga Shahad ta cire hula tana shan ruwa a hankali. Ga ta tana gyara ɗankwali. Ga ta tana murmushi, an zagaye fuskar da hayaƙi-hayaƙi.

"Khala, ina wasan?" in ji Shahad.

"Ga shi kina gani, ya binti."

"Ina inda na yi ta tare faifan?"

Khala ta dafe ƙirji. "Inda kike ta faɗuwa? Aib! Abin kunya! Duk na yanke. Wace jami'a za ta ɗauki yarinya tana birgima a ƙasa, fuska a rufe? Sauran 'yan matan ma na cire su, 'ya'yan mutane ne."

Na ce, "To ba komai, ki ba mu na asalin, wanda ba a taɓa ba."

Ta dube ni kamar na zage ta. "Ni Zubaidatu in ajiye hoton mata a kyamarata? Tun da na fara sana'ar nan, ina gama haɗawa nake gogewa. Shi ya sa ake ba ni amana. Tuni na ɗauki wani bikin a kan katin kyamarar."

Haushi nake ji kamar in fashe, amma wa zan yi wa faɗa? Matar nan ta zuba duk gwanintarta, tana zaune tana jiran a ce mata sannu. Shahad ta ƙura wa kafet ido.

Sai muka ji shessheƙa. Mama ce, tana share hawaye da gefen mayafi.

"Mashallah," ta ce. "Tsoro ya hana ni zuwa kallonki ko sau ɗaya. Ashe haka kike da kyau a wurin nan? Yalla, Shahad, sake sa mana."

Shahad ta kalli Mama. Sannan ta ɗauki rimot ta mayar da shi farko.