Masu Kwalli

Kajin da Inna ta mutu ta bari ba irin na kasuwa ba ne. Ruwan toka ne, kuma kowane gashi a jikinsu yana da baƙin layi siriri a gefe, sai ka ce an zauna an ja masa kwalli. Shi ya sa a gidan ake ce musu masu kwalli. Da aka zo rabon kaya, babbar 'yarta, wadda kowa ke kira Yaya, ta ce ita a bar mata akurki kawai. 'Yan'uwa suka yi ta dariya, ita ko a jikinta.

Wahalar irin ita ce ba ya tsayawa da kansa. In ka sake kowane zakara ya bi kowace kaza, kafin ka ankara ja ya ɓullo a kafaɗa, kwallin ya dushe, ka wayi gari da kaji kawai. Ɗan tsako kuma ba ya nuna launinsa sai ya zubar da gashin ƙuruciya. Lokacin ne Yaya take zama da hantsi a gindin katanga, ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe fiffike, ta hura gashin wuya. Wadda ta yi, a ɗaura mata zare a ƙafa a mayar akurki. Wadda ba ta yi ba, ta ƙaninta Auta ce, ya kai gida a yanka. Haka Inna ta tsara tun yana ƙaramin makwaɗaici, haka aka ci gaba har ya yi furfura a gemu yana da shagon walda.

Sai yanar ido ta sauko wa Yaya. Da farko allura ce ta gagare ta, ta lulluɓe keken ɗinkinta. Daga baya toka da ja suka koma mata abu guda. Ga ta da tsoron asibiti kamar me.

"Yaya, meye amfanina?" in ji Auta. "Ke ki riƙe, ni in duba miki."

Zaɓen ya koma na mutum biyu. Ita za ta shafa ƙirji, ta ji nauyi, ta miƙa fiffike wajen da take jin numfashinsa, ta ce, "Ta yi?" Shi ya ce ta yi, ko ba ta yi ba. Duk wanda ya zo gaishe ta sai ya sha labarin Auta, har mutane suka gaji da sa masa albarka.

Sau ɗaya abin ya yi mata ciwo. Akwai wata budurwar kaza mai karkataccen yatsa, wadda ita da kanta ta ɓare wa ƙwai a tafin hannu ranar da ta maƙale. Ta sa rai a kanta sosai.

"Ta yi?"

"Kash, Yaya. Ja har wuya."

Ta daɗe tana riƙe da ita kafin ta miƙa. Washegari matar Auta ta aiko da romo a kwano, wai na mai yatsan ne, Yaya ta ɗanɗana. Ta sha tana share hawaye, tana jin kunyar kanta, tsofai-tsofai da ita tana kukan kaza.

Bayan 'yan shekaru, 'yar Yaya ce ta gaji da lallashi, ta sa ta a mota sai asibiti. Aka yi aiki, aka cire bandeji, duniya ta dawo tar. Likita ya ce a kiyaye ƙura. Yaya ta ce to, tana isa gida ta zarce akurki.

Ja ta gani. Ja a kafaɗa, ja a wuya, kwallin ya jagwalgwale kamar an yi kuka da shi. Kuma kowace da zarenta a ƙafa, ɗaurin hannunta. Ta fara cewa likitan ne ya ɓata mata ido. Ta dubi bokiti, shuɗi ne yadda ta san shi. Ta dubi zanen jikinta, daidai yake. Ta zauna a kan turmi, can sai tausayi ya kama ta. Ashe Auta ma idon ya tafi! Mutum yana kallon wutar walda shekara da shekaru, ai dole. Bawan Allah, ya yi ta ɓoyewa don kada hankalinta ya tashi.

Ko abinci ba ta tsaya ci ba. Ta yafa mayafi ta nufi gidansa, a kan yau ɗin nan sai ta ja shi wurin likitanta. Rabonta da gidan tun kafin idon ya hana ta fita ita kaɗai.

Matarsa na ganinta ta saki tsintsiya. "Yaya! Ke kaɗai? Bari in kira shi, zauna nan, zauna."

Daga bayan gida zakara ya yi cara, Yaya ta bi muryar. Kejin ƙarfe ne a jere, sababbi fil, walda mai kyau, aikin hannunsa. Cikinsu masu kwalli ne maƙil, toka tsantsa, layin baƙi ya zauna a kowane gashi yadda ya zauna a zamanin Inna. Auta ya juya mata baya, yana tare da wani baƙo mai babbar riga.

"Ni na fitar da irin nan da kaina," yake cewa. "Duk garin nan ba ka samunsa sai a wurina."

Baƙon ya ga fuskar matar da ke tsaye, ya ce zai dawo wani lokaci, ya sulale.

Auta ya juyo. Idonsa garau, babu abin da ya same shi. Ya dubi nata ya ga suna kallonsa.

"Na zo in kai ka asibiti ne," in ji Yaya. "Na ɗauka kai ma ba ka gani."

"Yaya, ki fahimce ni. Idonki ya tafi, kin ƙi magani. In kika faɗi, wa zai kula da su? 'Yarki ko ƙwai ba ta iya riƙewa. Ceton irin na yi."

"Da ka ce in ba ka, Auta, da na hana ka?"

Ya sunkuyar da kai.

"Da hannuna ka sa na tsince masu kyau na miƙa maka. Da hannuna na ɗaura wa tarkace zare. Ina yi ina gode maka."

Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan, godiyar. Kaji dai ga su nan da ransu, amma albarkar da ta yi ta tara masa a bakin mutane ba ta san yadda za ta karɓo ta ba.

"To ki zaɓi biyu," ya ce da sauri. "Zakara da kaza. Na ba ki."

Ta dube shi, wai ya ba ta. Ta bi kejin a hankali tana kallon ƙafafu, har ta tsaya a na ƙarshe. Ta buɗe, ta sa hannu ta ɗauko wata uwar kaza mai karkataccen yatsa. Kazar ta lafe a ƙirjinta. Yaya ta hura gashin wuyan, babu ko ɗigon ja.

"Romon wa na sha ran nan?"

Matarsa ta koma ɗaki da gudu. Shi ya tsaya yana murza gefen rigarsa.

Yaya ta buɗe fiffiken, ta miƙa shi wajen fuskarsa yadda ta saba.

"Ta yi?"

Auta ya dubi fiffiken. "Ta yi, Yaya."

"Na gani," ta ce. Ta gyara wa kazar zama a hammata, ta waiwayi sauran kejin. "Nemo mota. Duka za ka kwaso, ka ajiye a ƙofar gida. Ba sai ka shigo ba."