Ranar da Aka Rufe Hanyar Masallaci

Kwana tara Suweiba ta yi a firjin asibiti kafin takardu su fito. Mijinta Masawudu, tsohon direban bas ɗan zangon Kumasi, ya kama gurbin kabari a maƙabartar Turawan garin ranar Juma'a ƙarfe uku. In aka wuce uku, masu haƙa sun tashi, sai Litinin.

Ana idar da sallar gawa a masallacin Regent's Park, sai ƙasa ta fara rawa. Jirage biyu na sojan Amurka suka ɓullo ta saman itatuwa, masu ruwan toka, kowane da fanka biyu manya a bakin fiffike. Da gudu suka zo kamar jirgin fasinja, sannan fankokin suka juya suka dubi sama, suka tsaya cak a iska, suna sauka a hankali. Wani babban baƙo ake jira a gidan jakadan Amurka da ke kusa da masallacin.

'Yan sanda suka datse titi. Mota ba shiga, ba fita, sai ƙarfe biyar.

Abdul-Majeed, ƙanen marigayiya, ya ce, "Yaya, motata na Baker Street, can inda ba a rufe ba. Mu ɗauki gawar a kafaɗa zuwa can mana, kamar a gida."

Mutum shida suka saɓa akwatin gawar. Iskar jiragen na watsa musu ganye da tsakuwa a fuska har suka kai shingen 'yan sanda. Wata 'yar sanda ta cire hularta, ta yi musu ta'aziyya da ladabi. Sannan ta ce mai ƙafa zai wuce, amma duk akwatin da zai bi nan sai an buɗe, kare ya shinshina.

Abdul-Majeed ya ce, "Kare? Bayan an yi mata wanka? Wallahi sai dai a fasa!"

Masawudu ya dubi agogo. Biyu saura kwata. Shekara talatin yana tuƙi a garin nan, ya san ba a cin gardama da mai rigar gwamnati, lokacinka kawai za ka ƙona.

Ya ce, "Ku sauke ta."

"Yaya, ka ji tsoron Allah."

"Shi nake ji. Ku sauke."

Shi ya ɗaga murfin da hannunsa. Sauran suka juya baya. Karen ya bi likkafanin da hanci daga kai har ƙafa, ya kaɗa wutsiya.

Uku saura minti biyar aka sa ta a rami. Abdul-Majeed ya zuba ƙasarsa, ya karkaɗe hannu, ya wuce surukinsa ba ko kallo.