Wankin Jijiyar Baoshan

Duk farkon sanyi, tsofaffin unguwar su Qiu Lanfen a ƙasar Sin sukan yi layi a ƙaramin asibiti a yi musu ƙarin ruwa, wai a wanke jijiyoyin jini. Likita ya faɗa har ya gaji: ruwa ba ya wanke komai, a bar taba, a rage gishiri. Mijinta Baoshan ya toshe kunne.

Ran nan ta kai masa kunun gero, ta tarar da shi tsugune a ƙofar asibitin, allura a hannun hagu, sigari a na dama, ledar ruwan rataye a reshe. Abokinsa Geng, wanda rabin jikinsa ya shanye bara, yana miƙo masa wani karan, miyau na dalala. Ta nufo shi.

"Tsoho, ko kunya ba ka ji?"

"Haba 'yar tsohuwa, ai ana wankewa! Kuma wa yake mayar da tabar aboki? Tambayi Geng, shekara goma bai taɓa fashin ƙarin ruwa ba."

Lanfen ta dubi hannun Geng da ke reto kamar tsumma, ta ja tsaki.

"Na gani. Ya wanku tas."