Awon da Ba na Auta Ba

Ban yi nisa a makaranta ba, amma lamba ba ta ɓace mini. Shekara ashirin da huɗu ina kan keken ɗinki. In na auna mutum sau ɗaya, awonsa ya zauna a kaina ke nan.

Auta, 'yata ta ƙarshe, tana cikin matasa shida da aka zaɓa su wakilci yankinmu a babban taron matasan coci na ƙasa. Ita ce mai ba da waƙa, saura su amsa. Ana saura mako biyar a tafi, zazzaɓi ya kwantar da ita ran Litinin, ran Asabar muka binne ta. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Bayan mako biyu shugaban matasan, wanda kowa ke kira Dogo, ya shigo shagona da shuɗin yadi a leda. Tun Auta na da rai aka shirya ni zan ɗinka musu riguna iri ɗaya, kowa da sunansa a ƙirji.

"Mama, in ba za ki iya ba sai mu kai wani wuri," in ji shi, idonsa na kan fanka.

"Hannuna bai mutu ba. Ajiye."

Ya kife takardar awo a kan tebur, ya danne da almakashi, ya fice. Dogo da in ya zauna a shagon nan sai na ɗaga masa tsintsiya yake tashi.

Na juya takardar. Sunaye shida. Na ƙarshe sunan Auta ne na baftisma, cikakke. Karatuna tafiyar hawainiya ne, amma wannan sunan ba ya bukatar karatu. Da farko na ce tsohuwar takarda suka ɗauko. Sai na dubi lambobin. Kafaɗa sha huɗu. Auta sha shida ce, kafaɗar ubanta ta kwaso. Tsayin riga hamsin, ita kuwa hamsin da shida. Wannan ba mantuwa ba ce. Wata mai rai aka auna.

Ran Lahadi, Allah ya gafarta mini, ban ji wa'azi ba. Kafaɗun 'yan mata na yi ta bi da ido, benci benci. Da aka tashi matar fasto ta rungume ni har ta wuce misali. Matasan na tsaye gindin tagar ofis suna magana, ina matsowa suka yi tsit. Gwajin waƙar da a da ake yi ƙofa a buɗe, ran nan da sakata aka yi shi.

A bakin famfo na ga mai kafaɗar da nake nema. 'Yar mai gyaran rediyo ce, suna ce mata Tsuntsuwa don ƙanƙantarta. Ƙawar Auta ce ta kusa, a kwano ɗaya suke ci a gidana, amma tun ranar binnewa ba ta sake taka ƙofata ba.

Washegari da hantsi na aika su zo su biyu, ita da Dogo.

"Tsaya nan, 'yar nan. Miƙe."

Na ɗora tef a kafaɗarta. Sha huɗu cif.

Dogo ya fara zuba kamar an buɗe famfo. Wai an rufe rajista tuni, ba a canza suna. Wai gasar waƙa sai da mutum shida, biyar ba sa hawa dandamali. Katin Auta na shiga taron, wanda ake ratayawa a wuya, ya riga ya iso, kuma babu hoto a jikinsa.

"Shekara tara yankinmu bai shiga gasar nan ba, Mama. Waƙar ma ai ta Auta ce."

"Fasto ya sani?"

"Bai tambaya ba."

"Ashe kun iya ta da matattu kuka ɓoye mini. Ai da tun ran Asabar ɗin na kira ku."

Ya sunkuyar da kai. Na juya wajen yarinyar.

"Ke fa? In an kira sunanta a gaban mutane, me za ki ce?"

"Na gwada a ɗaki, Mama. 'Ga ni.' Ba ya fitowa."

"Amma kin gwada."

Ta fashe da kuka. Ban lallashe ta ba.

Na ɗinka riguna shida. A ƙirjin ta shidan na sa sunan Tsuntsuwa na gaskiya, na bi shi da zare sau uku, yadda duk mai son warwarewa sai ya yaga rigar. Na ce wa Dogo ya je teburin rajista ya faɗi abin da ya faru, in sun kore su, su dawo.

"Mama, kin kashe mu."

"Kai dai ka je ka dawo."

Kwana huɗu suka yi. Labarin da suka kawo shi ne an kira sunan Auta sau uku ba wanda ya amsa, sai Dogo ya miƙe ya ce ta koma ga Ubangiji. Aka hana su gasar. Na tambaye su ɗaya ɗaya, kowa ya ba ni labarin iri ɗaya, har kalmomin ba su bambanta ba. Wannan ne ya hana ni sakin jiki. Gaskiya ba ta cika fitowa a goge haka ba.

Sai na ce wa Dogo ya kawo mini katin Auta, ya haɗo da nasa.

Na jera su a kan tebur na duba yadda nake duba yadi. Nasa ya sha gumi, gefensa ya lanƙwashe, igiyar ta yi baƙi wajen wuya. Na Auta fes yake, igiyarsa a naɗe da robar da aka ɗaure ta tun daga can. Wannan kati bai taɓa hawa wuyan kowa ba.

"Ɗauki naka," na ce.

"Shi ke nan, Mama?"

"Me kake jira, tsintsiya?"

Uwar Dogo har yau in ta hango ni sai ta tsallaka titi. Iyayen biyu daga cikin yaran sun kwashe ɗinkinsu sun kai wani shago. Tsuntsuwa ta zo jiya, ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shigo ba. Na ce mata akwai maɓallai a gwangwani da ke son a ware su, in tana da lokaci. Ta cire takalmi.