Karcen Da Ya Kama Farce

"Mama, me ya sa Abba ya ce kar in gaya miki mun kai motar wurin mai babban inji?"

Kurciya ce ta yi tambayar, 'yar shekara biyar, ana cikin ɗaura mata igiyar takalmin makaranta. Uwar ta tsaya da igiyar a hannu. Abban yana bakin ƙofa yana ɗaura agogo, nan take agogon ya zame masa abin kallo kamar yau ya fara ganinsa.

"Wannan yarinya ko rediyo albarka," ya ce. "So na yi ki gani da idonki, Maman Kurciya. Fita ki duba gilashin."

Ta fita. Gilashin gaba ya yi fes, karcen nan ya ɓace kamar ba a taɓa yinsa ba.

Sati biyu ke nan da robar waifa mai share gilashi ta cinye, ƙarfen ya ja wani dogon karce mai lanƙwasa daidai gaban direba. Ita ce take kai Kurciya makaranta kullum, hanyar kuwa gabas ta miƙa. Da hantsi ya bugi karcen sai ya zama zaren wuta a cikin idonta. Shi ya sa ta kai motar wurin Mai Farce.

Mai Farce dattijo ne, goge gilashin mota ce sana'arsa. Yana yanke duk faratansa tas, ban da na ɗan yatsan nuni na dama, daga nan ya samo sunan. Ran nan ya fara da gilashin gefe, inda ƙura da hawa da sauka suka bar 'yan zane-zane. Ya dama wata hoda mai launin jar ƙasa da ruwa, ya shafa a kan faifan soso da ke bakin inji, ya riƙa zagayawa a hankali yana fesa ruwa. Bini-bini sai ya kashe injin ya ɗora bayan hannunsa a kan gilashin, kamar uwa mai auna zazzaɓin ɗa.

"Idan ya yi zafi fashewa yake," ya ce mata. "Gilashi ba ya son gaggawa."

Da ya zo kan na gaba, bai ko ɗauki injin ba. Farcen ya ja a kan karcen, farcen ya maƙale. Ya sake ja, ya sake maƙalewa.

"'Yata, wannan ba nawa ba ne. Canza gilashin za ki yi."

"Haba Baba, ga inji a hannunka."

"Injin ba cike rami yake ba. Cinye abin da ke kewaye da ramin yake, har su zo daidai. Karcen da farce ya wuce ta kansa sumul, ɗan kaɗan zan ci. Wanda ya kama farce, kafin in kai ƙasansa na yi miki kwano a gaban ido. Garin gyaran gira a rasa ido."

Da ta kai wa maigidan labari, dariya ya yi, ya ce tsufa ne ya kama Baba, injinsa ma ya tsufa tare da shi. Ashe maganar ba ta bar ransa ba. Jiya da rana ya ɗauki Kurciya, wai za su sha iska, ya kai motar wani gareji.

Yanzu ga gilashi yana sheƙi. Ta shafa wurin da tafin hannu, santsi kawai. Har ta ɗan ji kunya a madadin dattijon.

"To, an gode," ta ce. "Amma a daina koya wa yarinya ɓoye mini magana."

"Ai kin ga ba ta koyu ba."

Ta shiga, ta jawo kujerar gaba, ta gyara matashin da take zama a kai, ta ɗaure wa Kurciya bel a baya, suka kama hanya. Zaren wutar nan babu shi. Sai dai tun a layin farko ta ga wani turken lantarki ya lanƙwashe, sannan ya miƙe da suka matso. Ta murza ido. Ta ce a ranta rashin barci ne.

A ƙofar makaranta ne abin ya fito fili. Mai gadi ya ɗaga hannu, yara suna tsallakawa, ita kuma tana gangarowa a hankali. Wata 'yar ƙaramar yarinya mai jar jaka ta taho a ƙarshen layi. Maman Kurciya ta gan ta can gefe, da sauran tazara. Ƙiftawar ido, sai ga yarinyar a gaban fitilar hagu, kamar an ɗauke ta an ajiye. Ta take birki da dukkan ƙarfinta. Kwandon abincin Kurciya ya kife a ƙasa.

Tsakanin jar jakar da ƙarfen motar bai kai taku ɗaya ba. Yarinyar ma ba ta san an yi ba, ta wuce tana tsalle.

Mai gadi ya leƙo ta taga. "Hajiya, lafiya? Ke da ba kya gudu."

"Lafiya lau," ta ce. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne wata uwar ce ta ɗaura wa wannan yarinya takalmi da safen nan, kamar yadda ita ma ta yi.

Daga nan wurin Mai Farce ta nufa, tana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, kanta a karkace don ta kauce wa tsakiyar gilashin. Dattijon ya shafa wurin sau ɗaya. Bai ce ai na gaya miki ba. Wani miƙaƙƙen ƙarfe ya ɗauko, ya ce ta zauna yadda take zama in tana tuƙi. Ya tsaya a gaban motar, ya riƙe ƙarfen a kwance, yana sauke shi sannu a hankali. A sama ƙarfen miƙe yake. Da ya iso daidai idonta sai ya lanƙwashe, ya karye biyu, ya sake haɗewa a ƙasa.

"Aikin ya yi kyau a ido," in ji shi. "Wanda ya yi shi ya iya riƙon inji. Tsayawa ce bai iya ba."

Da la'asar maigidan ya dawo ya tarar da ita a tsakar gida da sandar mofa ta goge ƙasa a hannu.

"Ikon Allah, laifin har ya kai na sanda?"

Ba ta yi dariya ba. Ta gaya masa abin da ya faru a ƙofar makaranta, ba ƙari ba ragi. Fuskarsa ta canza, amma ya girgiza kai.

"Ni fa na tuƙo ta tun daga can har gida. Da akwai wani abu da na gani. Kin san ba zan sa ku a abin da ban gwada ba."

Ta san gaskiya ya faɗa. Ta dube shi, dogon mutum da sai ya sunkuya yake shiga ƙofar kicin, ta dubi matashinta a kan kujerar direba. A nan ta gane inda gizo ke saƙa. Shi ta saman wurin yake kallon hanya.

"Shiga ka zauna, Abban Kurciya. Yawwa. To sauko. Ƙara saukowa, har ka zo tsayina."

Ya zame ƙasa, gwiwoyinsa suka tokare sitiyari. Kurciya ta tuntsire da dariya. "Abba ya zama Mama."

Uwar ta sauke sandar a gabansa yadda dattijon ya yi. Sannan ta zare makullin ta riƙe a hannunta, ta ce wa Kurciya ta bi ta gaban motar, daga can bango zuwa nan. Yarinyar ta taho tana taƙama, hannu a ƙugu. Maman Kurciya ba ita take kallo ba, idon mijinta take kallo. Ta ga lokacin da idon ya rasa 'yarsa, da lokacin da ya same ta a inda bai zata ba.

Ya buɗe ƙofa ya fito daga motar.

"Motar nan ba za ta fita ba sai da sabon gilashi," ta ce a hankali.

"Ajiye makullin a wurinki," ya ce. "Gobe ni zan kai Kurciya makaranta, ko a kafaɗa ne."

Kwana uku suna takawa a ƙafa kafin a sa sabo. Har yau, duk ranar da ta wanke motar, sai ta ɗaga waifa ta duba robar da yatsa.

Kai mai karatu, ke mai karatu, in gilashin gabanku ya samu karce, ku ja farce a kai kafin kowa ya kunna inji. In ya maƙale, kada ku bari a goge, ku canza gilashin. Kuma kowane gyara aka yi, a gwada shi da idon wanda zai tuƙa yaran, daga kujerar da yake zama.