Tambayoyi Talatin na Maestro Ottavio

Maestro Ottavio Brembati ya tsani jin sunan Lazzaro. Shekara ashirin Ottavio yana koyar da lissafi a birnin Pavia na Italiya, sai ga wannan Lazzaro, wani likita, ɗan mai gyaran ganga, da safe ya duba fitsarin majinyata a kwalba, da la'asar ɗaliban lissafi su cika masa ɗaki, har da na Ottavio. Hassada ta hana shi sakat.

"Mutumin da hannunsa ke warin ciwo!" ya ce wa matarsa Smeralda.

"Hannun nan dai ya warkar da ƙanwata," in ji ta. "Naka ko ƙofa bai iya gyarawa ba."

Makami ɗaya Ottavio yake da shi. Malaminsa, dab da rasuwa, ya raɗa masa hanyar warware wani lissafi da ya gagari kowa. Bai rubuta ba, bai koya wa kowa ba, ya adana don ranar gasa, kamar yadda masana suka saba. Sai ya manna wa Lazzaro ƙalubale a ƙofar coci: kowannensu ya miƙa tambayoyi talatin ga magatakarda, wa'adi kwana hamsin, wanda ya faɗi ya bar koyarwa a garin.

Lazzaro ya gauraya nasa tambayoyin. Ottavio kuwa, don ɗokin ya ga an kunyata mutumin, duka talatin ɗin daga sirrin nan ya ciro su.

Ranar da aka buɗe amsoshi, Ottavio ya ci bakwai. Lazzaro ya ci talatin cif.

Zazzaɓi ya kwantar da Ottavio, Smeralda kuma ba ta yi shawara da kowa ba wajen kiran likita. Lazzaro ya zauna bakin gado, ya kama wuyan hannunsa.

"Wa ya sayar maka da sirrina?" Ottavio ya tambaya.

"Haba Maestro, ai kai ka koya mini. Kwana arba'in ina kallonsu, sai na ga duk uwarsu ɗaya. Da guda ɗaya ka ba ni, har gobe ina nan ina fama." Ya saki hannun a hankali. "Zan rubuta hanyar a littafina, in gode maka a shafin farko."

"Sunan wa a bango?"

"Nawa mana. Sha romon nan tun da zafinsa."